Awon Alli a Bayan Ƙyaure

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ko mai daɗi ko mai ɗaci.

To, mai ɗaci ce, ku gyara zama.

Ranar da Direba ya dawo daga asibiti da ƙaton ambulan a hammata, bai shiga ɗakin matarsa ba. Kai tsaye ya wuce shagon yayansa da ke jikin ƙofar gida. Matar tasa, wadda duk unguwa ke kira Mai Ɗinki, tana kan kekenta tana kallonsa ta taga, da zare a bakinta.

Sakamakonta ne a cikin ambulan ɗin. Wata biyu kafin nan ta ji wani ƙululu a nononta na hagu. Aka gwada, aka ce ciwon daji ne, amma ƙarami ne, za a cire. Sai dai kafin a sa ranar tiyata likitoci suka tsaya a kan numfashinta, don ta kusa shekara tana haki da busasshen tari. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi jini, aka zura siririn bututu aka ɗebo ruwan huhu, aka ce a dawo. Ranar komawa Direba ya ce ta yi zamanta, ina amfanin wahalar layi, shi zai karɓo.

Yayan nasa shi ake kira Dakta. Bai taɓa taka ajin likitanci ba. Shekara ashirin dai yana sayar da magani, yana yin allura, yana da farar riga rataye a ƙusa, sai unguwa ta raɗa masa sunan, shi kuma bai taɓa cewa a'a ba. Gidansu ɗaya da ƙanensa, famfo ɗaya, magana ma ɗaya ce, ta Dakta.

Mai Ɗinki ta ga ya zaro hoton, ya fito bakin shago ya ɗaga shi sama ya saita da rana. Ya daɗe yana kallo. Sai ya girgiza kai. Direba ya fara magana yana nuni da hannu, Dakta ya ɗaga masa tafi, ya katse shi. Aka mayar da hoton cikin ambulan, aka jefa a durowar shago.

Da Direba ya shigo ta cire zaren daga bakinta.

"Maigida, me suka ce?"

"Sanyi ne ya kama ƙirjin. Sun ce ki huta a gida."

"Tiyatar fa?"

"Sai kin yi ƙwari."

"Yaushe za mu koma?"

"Za su kira."

Duk amsar nan almakashi yake kallo, ba ita ba. Shekara ashirin da uku suna tare, ta san idonsa kamar yadda ta san ramin allurarta.

Washegari Dakta ya ce tarin nan ba a san irinsa ba, gara a mayar da ita ɗakin baya, can ya fi iska. Ɗakin baya kuwa nan yake tara kwalayen magani, tagarsa ba ta fi faranti ba. Aka ture kwalaye gefe aka shimfiɗa katifa. Matar Dakta ta ɗaura jan ƙyalle a hannun kofi ɗaya da cokali ɗaya, ta ce na Mai Ɗinki ne, kada a haɗa. Direba ya cire igiyar keken ɗinkin ya sa a aljihu, ya lulluɓe keken da zane. Wayarta ma ya karɓe, wai masu ɗinki za su hana ta barci.

Ita mace ce da ba ta yarda da awon ido ba, sai tef. Ko yadin da ta ɗinka sau ɗari sai ta auna. Da aka bar ta ita kaɗai, ta ciro tef ɗinta daga wuya, ta kwance zane, ta lalubo ƙululun da yatsu biyu, ta ɗora tef a tsakaninsu. Inci ɗaya ba kwata. Ta ɗauki allin ɗinki ta rubuta a bayan ƙyaure, ta sa kwanan wata a gefe.

Haka take yi duk bayan kwana bakwai.

Dakta yakan leƙo da safe da farar rigarsa, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya miƙo kwalbar maganin tari. In wannan ba ta yi ba ya kawo mai wani launi. Ya yi mata allura goma sha huɗu a jere har cinyoyinta suka sandare. Matarsa kuma, da zuciya ɗaya take yi, baiwar Allah, takan shigo da kaskon garwashi ta watsa wasu busassun ganye, ta rufe ƙofa don hayaƙin ya ratsa ƙirji. Mai Ɗinki ta yi ta tari har ta ga taurari da rana tsaka.

"Yaya, hayaƙin nan kashe ni yake yi," ta ce wa Dakta.

"Shi magani haka yake, sai ya tayar da ciwo sannan ya kwantar."

"Asibiti ba su kira ba?"

"Ke dai ki sha abin da na ba ki. Asibitin me? Ni ba ga ni ba?"

A wata na farko takan je famfo ta dawo da hutu ɗaya. A na biyu sai ta zauna sau uku, ga shi tsakanin ɗakin da famfon bai fi yadi goma sha biyu ba, ta sani, don ta taɓa auna shi lokacin da za ta ɗaura igiyar shanya. Leɓɓanta suka yi duhu. Magana ta koma gutsure-gutsure, kalma uku sai ta tsaya ta nemi iska. A bayan ƙyaure kuwa lambobi suna hawa: inci ɗaya, ɗaya da kwata, ɗaya da rabi.

Sai baƙi suka fara zuwa. Dangin miji da ta shekara ba ta gani ba, maƙwabciyar da suka yi faɗa a kan magudanar ruwa, har da wata da ta taɓa zagin ɗinkinta a bainar jama'a. Kowacce ta zauna nesa da katifa, ta yi sannu, in za ta tashi sai ta ce, "Don Allah in na taɓa yi miki wani abu ki yafe mini."

Ta farko ta yafe mata. Ta biyu ma. A ta biyar sai ta farga. Mai sanyin ƙirji ba a zuwa neman gafararsa. Ashe duk unguwa ta san wani abu game da ƙirjinta, ita kaɗai ce ba a gaya wa ba.

Da Direba ya kawo mata ruwan zafi ta riƙe gefen rigarsa.

"Mutuwa zan yi?"

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan?"

"To me suka ce?"

"Na gaya miki."

"Ƙululun yana girma. Duba ƙyaure."

Bai duba ba. Ya ce za a makara da lodi a tasha, ya zare rigarsa ya fita. 'Yarsu ɗaya tilo da ke aure a wani gari mai nisa, kullum ta kira sai a ce mata Mama tana barci, jiki da sauƙi.

A wata na huɗu, wata safiya, ta jiyo hayaniya a tsakar gida. Muryar Mai Mopa ce, wata dattijuwa mai share-share da goge ƙasa da mopa a asibiti, wadda in ta yi raɗa ana ji a layi na uku. Tun kafin ciwon ta kawo atamfa a ɗinka mata.

"Ba a shiga," in ji matar Dakta. "Tarin ana ɗauka."

"Ni da nake goge amai da majina tun kina goye? Matsa mini, 'yar nan. Atamfata na zo gani."

Ta banko ƙofa, ta tsaya. Ta kalli katifa, ta kalli kofi mai jan ƙyalle, ta kalli kasko. Ta ɗauki kaskon ta ajiye a waje, ta bar ƙofar a buɗe.

"Ƙawata, ashe kina nan? Ni ce mini aka yi an kai ki wajen danginki."

"Ina nan."

"To likitar huhu tana cigiyarki. Jiya ina goge ofishinta ta ga sunan unguwarmu a katinki, ta ce ko na san ki. Ta ce sau biyu ana ajiye miki gado ba ki zo ba. An kira lambar mijinki har an gaji."

"Gado? Na me?"

"Ni mopa na sani, ba takarda ba. Amma wanda aka fid da rai da shi ba a ajiye masa gado sau biyu, wannan kam na sani."

Mai Ɗinki tana haki ta ce, "Gobe da safe. Ki zo da mota."

Da yamma Direba ya shigo, ta ce ya zauna. Bai saba jin wannan muryar ba, sai ya zauna a kan kwali.

"Asibiti sun kira. Ka ƙi ɗauka."

Ba ta jira amsarsa ba.

"Me likita ta ce? Kalmarta nake so. Ba ta Yaya ba."

Ya share fuska da tafinsa. "Ta ce ba dajin ne ya shiga huhun ba. Wai wani ciwo ne daban, jiki ne yake yaƙar kansa. Wai za su wanke huhun, sannan a yi tiyata."

"Ta ce haka."

"Ta ce. Amma Yaya ya duba hoton, fari fat, irin na Inna sak kafin ta rasu. Ya ce huhu riga ce da za a wanke? Ya ce lallashinmu suke yi don su koyi aiki a kanki. Su cika miki ƙirji da ruwa, su yanke nono, ƙarshe su miƙo mana gawa a yayyanke. Ya ce gara ki cika a ɗakinki da mutuncinki."

"Wannan ne ɗakina?"

Ya kalli kwalayen.

"Tausayinki na ji. Wallahi tausayinki na ji. Ban so hankalinki ya tashi ba."

"Ka tambaye ni?"

"Yaya ne babba. In na tsallake maganarsa, wani abu ya faru, da wane ido zan dube shi?"

"Ni fa? Da wane ido kake duba na?"

Ya tashi ya fita.

Da safe ta auna, ta rubuta na ƙarshe. Inci biyu da rabi. A ƙarƙashinsa ta zana ɗan da'ira, don kwana goma ke nan tana jin wani ƙarami kamar ƙwayar wake a hammatarta. Ta kwafe lambobin duka a bayan kwalin maganin tari, ta soke a zane. Ta rataya tef a wuya, ta yafa mayafi.

Daga ɗakin baya zuwa ƙofar gida yadi ashirin ne. Mai Mopa ta riƙe mata kafaɗa. Yadi biyar, suka tsaya. Wasu biyar, ta dafa bango, duniya tana juyawa. Matar Dakta ta saki tsintsiya ta ruga shago. Direba yana tsaye bakin famfo da makullin mota a hannu, kamar an dasa shi.

Dakta ya tare ƙofa da farar rigarsa.

"Ina zuwa?"

"Asibiti, Yaya."

"Da izinin wa? Ke, kalli leɓenki. Ba za ki kai titi ba."

"Ba ni hotona."

"Hoton me za ki gane a ciki?"

"Ƙirjina ne."

"Ke kuma," ya juya ga Mai Mopa, "mai wankin bayi, ke ce za ki koya mini aiki?"

"A'a, Dakta, ni na isa? Ni dai a inda nake shara, masu farar riga sai sun yi shekara bakwai suna karatu. Taka a kasuwa aka ɗinka."

"Ni na ɗinka ta," in ji Mai Ɗinki.

Masu jiran magani a kan benci, mutum huɗu, suka sunkuyar da kai, ɗaya ya toshe baki. Dakta ya dubi ƙanensa.

"Kana tsaye matarka tana zagina? To ku ji, in ta fita, abin da ya biyo baya babu hannuna."

Mai Ɗinki ba ta da iskar da za ta yi gardama. Ta miƙa hannu kawai, tafin a buɗe, ta bar shi a haka. Can sai Direba ya taho, ya raɓa yayansa ba tare da ya dube shi ba, ya jawo durowa, ya ciro ambulan ɗin daga ƙarƙashin tarin takardu, ya ɗora mata a hannu. Iyakar jarumtarsa ke nan. Bai bi su ba. Motar haya ce ta kai ta.

A asibiti ba a bar ta ta bi layi ba. Wata nas ta maƙala mata wani abu a yatsa, ta kalli lambar, ta ƙwala kira a kawo keken marasa lafiya. Aka sa mata iska a hanci. Likitar huhu ta zo, wata siririyar mace mai furfura a goshi, ta jawo kujera ta zauna daf da gadon, ba daga bakin ƙofa ba.

"Baiwar Allah, wata huɗu muna nemanki. Bari in gaya miki da bakina. Huhun kowa yana yin wani ɗan maiƙo don ya riƙa buɗewa, akwai kuma ƙwayoyin da aikinsu su kwashe tsohon. Ke garkuwar jikinki ce ta rikice ta hana masu kwashewar aiki, sai maiƙon ya taru ya cushe hanyar iska. Shi ne farin da kika gani a hoto. Ba daji ba ne, ba a kuma ɗauka. Ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, ni a duk aikina ke ce ta biyu."

"Ana wankewa da gaske?"

"Ana wankewa. Za mu sa ki barci, huhu ɗaya yana numfashi, muna ɗauraye ɗayan da ruwan gishiri. Bayan 'yan kwanaki mu yi ɗayan. Kin yarda?"

Tun da ciwon ya fara, wannan ne karo na farko da aka tambaye ta. Ta karɓi biro ta sa hannu da kanta.

Da ta farka, nas ta nuna mata kwalaben da aka jera. Ta farko fara ce kamar an dama alli, ta tsakiya tsararo, ta ƙarshe garau. Bayan wanki na biyu ta sauko daga gado ta bi barandar asibiti daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba ta tsaya ba. Ta ja iska har ƙasan ciki, ta fashe da kuka, Mai Mopa ta jingine mopa ta taya ta.

"Ashe haka mutane suke numfashi kullum, ba sa ko godiya," in ji Mai Ɗinki.

Sai ranar ganin likitan tiyata ta zo. Ya duba, ya latsa, ya kai hannu hammata, ya daɗe a wurin. Ta ciro kwalin maganin tari ta miƙa masa.

"Mene ne wannan?"

"Awo. Duk kwana bakwai."

Ya bi lambobin da yatsa daga sama har ƙasa, layi goma sha bakwai, ya tsaya a kan da'irar. Ya koma layin farko ya ɗora yatsa a kai.

"A nan muka so mu cire shi," ya ce a hankali.

"Yanzu fa?"

"Yanzu za mu yi iyakar ƙoƙarinmu. Ba zan ɓoye miki ba, ya yi tafiya."

"Na gode da ba ka ɓoye ba."

Aka yi tiyata, aka yi ƙarin ruwan magani mai zubar da gashi. Ba ta koma gidan ba. 'Yarta ta zo, ta ga bayan ƙyauren nan da idonta, ta ɗauki keken ɗinki, ta karɓi igiyarsa daga hannun ubanta, ta kama musu ɗaki kusa da asibiti. Direba yakan zo ya zauna a bakin ƙofa. Wata rana ya ce ta yafe masa. Ta ce, "Wannan kalmar na ji ta da yawa a ɗakin baya. Ka bari sai na huta."

Wata goma bayan haka aka sake ɗaukar hoton ƙirjinta. Aka ga tabo uku, ƙanana, zagayayyu. A wannan karon dajin ne.

'Ya'yana, ciwon da aka rufe ta a ɗaki saboda shi, ranar da aka rufe ta babu shi a huhunta. Wata huɗun da aka ba shi ne suka kai shi can. Ba wanda ya dake ta, ba wanda ya hana ta abinci. Mutum biyu ne suka tsaya a bakin shago suka ɗaga ƙirjinta a rana, suka yanke hukunci, ita tana yadi ashirin daga wurin da kunnenta da bakinta, ba wanda ya taka ya tambaye ta.

Mai Ɗinki ta rasu wata goma sha huɗu bayan ta fita daga gidan, a hannun 'yarta. Kafin nan ta gama atamfar Mai Mopa, ita ce ɗinkinta na ƙarshe, kuma Mai Mopa tana sa ta har yau, tana kuma shara a asibitin. 'Yar ta tafi da keken garin mijinta, ba ta sake kwana a gidan ubanta ba. Matar Dakta ta jefar da kofi mai jan ƙyalle, ta daina yi wa kowa hayaƙi. Direba yana nan yana tuƙi, ya hana a yi wa ƙyauren ɗakin baya fenti, ya kuma daina cin abinci tare da yayansa. Dakta kuwa, ranar zaman makoki ya gaya wa mutane cewa shi tun ranar farko ya faɗa dajin ya shiga huhu. Shagonsa yana buɗe, farar rigar tana rataye a ƙusa, kuma har gobe Dakta ake kiransa.